Albasa da taliya a wani ɗan gidan abinci na Solofra

Duk wanda ya taɓa fataucin fatu a Maraɗi ya ji sunan Italiya, domin tun da daɗewa wani kaso na fatar jar akuyarmu can yake ƙarewa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san Solofra, ƙaramin gari ne cikin duwatsu, tsakanin Avellino da Salerno, gabas da birnin Napoli, wanda jimar fatun tumaki da awaki ita ce sana'ar mutanensa kaka da kakanni. Can na raka wani Alhaji ɗan kasuwa, ina yi masa tafinta da Faransanci. Da muka wuni a majema ba a daidaita kan farashi ba, sai mai majemar ya ce a bar maganar haka nan, mu haɗu da ƙarfe takwas da rabi na dare mu ci abinci tukuna.

Gidan da ya kai mu tebur goma ne kacal. Uban yana bakin ƙofa, shi ke tarbar baƙi, shi ke riƙe da aljihun kuɗi. Ɗiyarsa ke kai abinci. Matarsa da babban ɗansu suna madafa. Ɗan ya yi shekaru yana aiki a manyan otel na Milano kafin ya komo gida, kuma shi ya mai da wurin na zamani: ya rage takardar abincin ta koma shafi ɗaya, yana sake ta bisa abin da kasuwa ta kawo a kowane yanayi na shekara.

Tsarin cin nasu kansa sai an koya. Ana farawa da ƴan abubuwan buɗe baki da suke kira antipasto, sannan primo, wato taliya ko shinkafa, sannan secondo, nama ko kifi, a rufe da kayan zaƙi da ɗan kofin gahawa mai ɗaci. Wanda ya cika ciki tun a faranti na farko, kamar yadda muka saba da tuwo, zai ji kunya a gaba.

Kafin a kawo kome, Alhaji ya raɗa mini: "Malam, ka tambaye su da kyau, kada mu ci abin da ba mu sani ba." Yana da gaskiya, kuma ga ƴan kasuwarmu da ma'aikatan da ake turawa taro ƙasar nan zan ɗan tsaya a nan. Alade a girkin Italiya ba kullum yake bayyana ga ido ba. Taliyar carbonara da amatriciana da naman kumatun alade ake yin su. A yankin Napoli ana kwaɓa kitsensa, wanda suke kira strutto, cikin wasu nau'o'in burodi da ƴan cincin na gishiri. Ana zuba giyar inabi a shinkafar risotto da miyar nama da dama, shi kuwa babà, kek ɗin da Napoli ke alfahari da shi, cikin barasa ake jiƙa shi. Kalmomi uku sun isa mutum ya riƙe: maiale, strutto da vino. A babban otel, mai kai abinci yakan ce babu don ya rabu da kai. A nan kuwa yarinyar ta leƙa madafa ta kira uwarta, tsohuwar ta fito tana goge hannu, ta bi takardar layi-layi tana nuna mana abin da za mu iya ci da wanda za mu bari.

Da ta fahimci Alhaji ba ya son naman da bai san yankansa ba, sai ɗan ya ce zai kawo mana genovese ta kifi. Duk da sunanta, wannan miya ba ta birnin Genova ba ce, ta mutanen Napoli ce: albasa mai tarin yawa, da ɗan karoti, da naman sa, a bar su bisa ƙaramar wuta sa'o'i da dama har albasar ta narke ta yi launin zuma. Babu tumatir a cikinta, abin da zai ba da mamaki ga wanda yake zaton Bataliye bai san wata miya ba sai ja. Masu girkin zamani na wannan gaɓar teku suna musanya naman da babban kifin nan tuna, wanda masuntan Cetara, kusa da Salerno, suka shahara da kamunsa. Ya ce tukunyar ranar da man zaitun kaɗai ya yi ta, bai sa giya ba. Uwar ta taɓe baki ta ce a wurinta miyar da babu nama ba genovese ba ce, amma ta yarda tana da daɗi. Ga alama gardamar ta daɗe a gidan.

Aka kawo ta bisa ziti, doguwar taliya mai rami da ake karyawa da hannu kafin a dafa. Ba su barin taliya ta yi laushi kamar tamu. Da cizon farko Alhaji ya ce ba ta nuna ba, da na uku ya yi shiru. Ni da na tashi ina cin albasa kusan kowace rana, ban taɓa sanin tana iya ɗaukar miya ita kaɗai, ta yi zaƙi haka ba tare da sukari ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar abincin. Kowane abu an rubuta shi da sunan garinsa. Taliyar daga Gragnano take, garin da Tarayyar Turai ta kare sunan taliyarsa a 2013. Cukun Parmigiano Reggiano, wanda sunansa ke da kariya tun 1996, ba a yi masa hatimi sai ya shekara guda aƙalla. Albasar kuwa ta Montoro ce, garin da ke maƙwabtaka da Solofra, mai ɓawo launin jar gaci. Uban ya faɗa mana gonar da yake saye, kamar yadda mutum ke faɗin sunan surukinsa, kuma ya ce yana biyan ta fiye da albasar kanti da saninsa, domin baƙinsa sunan suke nema.

Nan na tuna Galmi. Albasarmu ta kai Abijan, ta kai Ankara da Kwatano, kuma a 2021 hukumar OAPI ta yi wa sunanta rajista tare da kilishin Nijar. Amma mu faɗi gaskiya: a gidan abinci nawa na Yamai ko Tawa aka taɓa rubuta wa baƙo cewa albasar da ke farantinsa ta Galmi ce? Buhu ake cikawa a ɗora wa mota, lokacin girbi farashi ya faɗi, manomi ya sayar don dole. Haka fatar da ta kawo mu: da ta fita daga majema ta zama riga ko jakar hannu, sunan Italiya za ta ɗauka, ba mai ambaton Maraɗi. A ganina laifin bai tsaya ga hukuma ba; mu masu saye da sayarwa ba mu saba tambayar asalin kaya ba, balle mu biya shi.

Sai wajen sha ɗaya aka koma maganar fata, bayan gahawa, kuma cikin minti goma aka gama abin da ya gagara tun safe. Mai majemar ne ya biya, amma Alhaji, da yake ɗan kasuwa ne, sai da ya karɓi takardar ya duba. Kowane mutum ya tashi Yuro 30, kusan jika ashirin ke nan na Sefa. Ya sa yatsa kan wani layi da aka rubuta coperto, Yuro biyu-biyu, ya tambayi abin da muka ci mai wannan suna. Na ce masa kuɗin zama ne da burodi da shimfiɗar tebur, al'adarsu ce. Ya girgiza kai ya ce ko a tashar Maraɗi ba a sayar da wurin zama.

Da za mu fita, tsohuwar ta biyo mu da albasa guda biyu cikin takarda ta miƙa masa. Ya juya su, ya latsa, ya shinshina, sannan ya ce in gaya mata tamu ta fi yaji, amma tata ta fi tsada.