Daga Njimi zuwa Shehuri: Yadda alƙalami ya riƙe tarihin Borno

Unguwar Shehuri, inda fadar Shehun Borno take a Maiduguri, ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, domin a 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa. Amma daular da fadar ta gada ta girmi ginin nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 9 marubuci Al-Yaƙubi ya ambaci Kanem, tushen wannan daula.

A ƙarni na 11, zamanin Mai Hume, Musulunci ya kafu a gidan sarautar Sefawa. A ƙarni na 13, lokacin Mai Dunama Dabalemi, ikon Kanem ya kai Fezzan, aka kuma buɗe wa ɗalibanta makaranta a Alƙahira. Da Bulala suka fitar da Sefawa daga babban birninsu Njimi a ƙarshen ƙarni na 14, sai suka yiwo yammacin Tafkin Chadi, inda Mai Ali Gaji ya gina Birnin Ngazargamu wajen 1470.

Duniya ta san yaƙin Girka da Farisa ne saboda Herodotus ya rubuta shi. Borno ma ta yi nata marubucin: Imam Ahmad ibn Furtu, wanda a 1576 da 1578 ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma, sarkin da ya kawo 'yan bindiga Turkawa, ya kuma gina masallatai da jan bulo.

Ngazargamu ta faɗi hannun masu jihadi a 1808. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, mulkin Sefawa ya ƙare a 1846, Rabeh kuma ya rushe Kukawa a 1893. Birane sun zama kufai, amma jerin sarakuna da ake kira Girgam, da takardun mahram da sarakuna ke bai wa malamai, da Alƙur'anai masu fassarar tsohon harshen Kanembu, duk sun tsira.

Yanzu barazanar ta sauya kama. A ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye Shehuri har cikin fada. Takardar da ta tsere wa takobi ba lallai ta tsere wa ruwa ba. Ɗaukar hoton rubuce-rubucen da ke gidajen malamai, da adana su a kwamfuta, aiki ne da bai kamata ya jira wata damina ba.