Na'urar da Ke Buga Magani Daidai da Jikin Mara Lafiya

A zagayen da muke yi ƙauyuka, sau da yawa muna ganin uwa ta ɗauki ƙwayar maganin manya, ta karya ta da haƙori ko wuƙa, ta ba yaro ɓari ɗaya. Ba mu ga laifinta ba, gama yawancin ƙwayoyi don manya aka yi su. Amma ƙwaya ba ta karyewa daidai. Yau yaro ya sha fiye da kima, gobe abin bai kai ba.

Wannan damuwa na cikin abin da ya sa masana suka soma buga magani da na'ura. Na'urar tana bin umarnin kwamfuta, tana matso wani abu mai kauri ta ɗan ƙaramin baki, layi bisa layi, kamar magini yana ɗora tubali. Abin nan mai kauri ana kiransa haidirojel. Ku tuna da kafa in ta huce: cike take da ruwa, amma ta kama jikinta, ba ta zuba. Cikinsa ake gauraya maganin. Likita ya duba nauyin yaro da gwajin jininsa, mai haɗa magani ya faɗa wa kwamfuta adadin, sai ga ƙwaya mai laushi wadda yaro zai tauna. In an ƙara wa haɗin ƙarfi, maganin yakan fita a hankali cikin jiki.

Ba tatsuniya ba ce. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Spritam, maganin farfaɗiya da aka buga da na'ura, ko da yake shi da gari ake yinsa. A 2019 kuma aka ba da rahoto daga asibitin Santiago de Compostela a ƙasar Sifen, inda aka buga wa yara 4 masu wata cuta ta gado ƙwayoyin taunawa, kowa da nasa ma'auni, har da ɗanɗanon lemo.

Yara 4 kaɗan ne, kuma ba mu ga na'urar a ɗakunan shan maganinmu ba. Amma tun 2009 akwai Coartem na yara mai narkewa a ruwa, don zazzaɓin cizon sauro, kuma bisa nauyi ake ba da shi. Shugabannin Zumuntar Mata, ku sanar a taronku: a kai yaro a auna shi, a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a karya kowace ƙwaya, domin akwai waɗanda ba a karya su sam.