Amana Da Ƙwarewa: Dalilin Da Ya Sa Shugabannin Ƙungiyoyin Agaji Ke Buƙatar Komawa Aji

Shekaru kaɗan da suka wuce Allah Ya yi wa wani dattijo rasuwa a unguwarmu. Shi ne ma'ajin ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu, kuma ya fi shekara goma yana riƙe da kuɗin jama'a ba a taɓa jin ko sisi ya salwanta a hannunsa ba. Bayan an share makoki muka zauna domin mu ci gaba da aiki, sai muka tarar babu abin da za mu ɗora a kai. Sunayen marayun da ake biya wa kuɗin makaranta, rabi suna cikin wani tsohon littafi da ruwan damina ya taɓa, rabi kuma ya tafi da su a cikin kansa. Kuɗin ƙungiya suna cikin asusunsa na banki, sun gauraya da na kasuwancinsa. Magadansa mutanen kirki ne, amma su ma ba su san inda nasu ya tsaya na marayu ya fara ba.

Wata huɗu muka yi muna warware wannan ƙulli. A cikin watannin nan wata baiwar Allah mai marayu biyar ta tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar ta ce, "Malam, ko an cire mu ne?" An koro 'ya'yanta biyu daga makaranta saboda kuɗin zango. Ba wanda ya cire ta, kuma ba wanda ya ci haƙƙinta. Sunanta ne kawai babu shi a rubuce a ko'ina.

Tun daga ranar na daina ɗaukar cewa gaskiyar shugaba ita kaɗai ta isa ta riƙe ƙungiya. Kwamitocin masallatai, ƙungiyoyin marayu, gidauniyoyin zakka da waƙafi, da masu ciyarwa a watan Ramadan, duk suna juya dukiyar da ba tasu ba domin mutanen da ba su da bakin da za su yi ƙorafi. Wanda ya ɗauki irin wannan nauyi, neman ilimin yadda ake gudanar da shi ya zama wani ɓangare na amanar.

Abin da magabata suka bar mana

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a addininmu. A aya ta 55 ta Suratu Yusuf, lokacin da Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ba shi kula da taskokin ƙasar Masar, siffa biyu ya ambata wa kansa: tsarewa da sani. A aya ta 26 ta Suratul Ƙasas kuma, da aka zo maganar wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki, ƙarfi da amana aka jera tare. Sahabi Abu Zarrin (RA), wanda gaskiyarsa da gudun duniyarsa ba su ɓuya ga kowa ba, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi wani muƙami, aka nuna masa cewa yana da rauni ga ɗaukar wannan nauyi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Ba imaninsa aka soka ba. An dai rarrabe ne tsakanin nagartar mutum da iya riƙon al'amarin jama'a.

Haka nan batun rubutu da lissafi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Manzon Allah (SAW) ya yi wa ma'aikacin zakka, Ibnul Lutbiyya, bincike bayan ya dawo daga aiki, kuma ya yi inkarin kyautar da ya ce an ba shi a can. Ya umarci Zaidu bin Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, Zaidu kuwa ya ƙware cikin kusan rabin wata. Da dukiya ta yawaita a zamanin Sayyidina Umar (RA), sai ya kafa diwani, wato rajistar da ke ɗauke da sunayen masu haƙƙi da rabon kowa, tsarin da Farisawa suka riga Larabawa saninsa. Bai ƙi shi don daga waje ya zo ba. A ƙasar Hausa ma, sarautun Ma'aji da Sa'i da ake da su a masarautunmu shaida ne cewa ajiyar dukiyar jama'a da karɓar zakka ayyuka ne da aka ware wa mutane na musamman.

Idan Zaidu ya koyi rubutun wasu mutane saboda buƙatar al'umma, sakataren ƙungiyar marayu ba shi da uzurin ƙin koyon yadda ake adana sunaye a kwamfuta.

Idan rashin tsari ya kai ga rasa rai

Wani zai ce ai abin bai kai haka ba. Ya kai. A watan Ramadan na 2024 mutane sun rasa rayukansu a turmutsutsun rabon zakka a Bauchi. A watan Disamba na wannan shekarar, yara 35 suka mutu a wani taron rabon kyauta a Ibadan, kwanaki kaɗan bayan haka aka sake samun asarar rayuka a wuraren rabon abinci a Abuja da Okija ta Jihar Anambra. Waɗanda suka shirya irin waɗannan taruka alheri suka fito yi. Amma idan aka yi shelar rabo ga kowa da kowa a gari mai fama da yunwa, aka tara dubban mutane a ƙofa ɗaya, to kyakkyawar niyya ba ta hana a tattake mai rauni.

Maganin wannan sananne ne ga duk wanda ya koyi aikin agaji: a yi rajistar mabuƙata tun kafin ranar rabo tare da masu unguwanni da limamai, a ba kowa kati da lokacinsa, a rarraba wuraren rabo, a ware layin mata da tsofaffi, wanda kuma yake da asusu a tura masa kuɗinsa yana zaune a gida. Wannan hanya ta fi kiyaye rai, ta kuma fi kiyaye mutunci, domin Musulunci bai so a wulaƙanta mabuƙaci kafin a ba shi haƙƙinsa.

Fasahar da ta zama dole

Ba ana nufin kowane shugaba ya zama injiniyan kwamfuta ba. Abubuwa huɗu ne ya kamata kowane kwamiti ya iya.

Na farko, adana bayanai. Manhajar Excel ko Google Sheets ta isa ta riƙe sunan kowane maraya, shekarunsa, makarantarsa, mai riƙonsa, da abin da aka ba shi da ranar da aka ba shi. Akwai kuma KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji ke amfani da ita wajen tattara bayanai ta waya ko da a ƙauyen da babu intanet, sai an dawo gari a aika. Sharaɗi shi ne aƙalla mutum biyu su san yadda ake shiga, kuma a ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Na biyu, kuɗi. Asusun ƙungiya ya kasance da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko ma'aji ba, kuma kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu. A raba lissafin zakka da na sadakar ganin dama da na waƙafi, domin kowanne da hukuncinsa: zakka tana da gidaje takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance, waƙafi kuma yana bin sharaɗin wanda ya yi shi. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 ya nuna wa kowa cewa ƙungiyar da ta dogara ga akwatin masallaci kaɗai tana iya wayar gari hannu babu komai.

Na uku, tsaro. 'Yan damfara sun gane cewa jama'a sun yarda da sunan malami. Sukan kira shugaba su ce za a yi taro ta intanet, su nemi ya karanto musu lambobi shida da aka turo masa, nan take su ƙwace masa WhatsApp, su shiga neman taimako da sunansa. Kunna matakin tsaro na biyu a manhajar bai ɗaukar minti biyar. Haka nan kada a amince da saƙon shigar kuɗi ko hoton rasit sai an duba asusu an ga kuɗin da ido.

Na huɗu, sirrin mabuƙata. Hoton maraya yana karɓar buhun shinkafa, idan ya hau Facebook, zai iya bin sa har girmansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane nauyin kiyaye su, kuma ta ƙara tsanantawa a kan bayanan yara. Tun kafin dokar, addini ya koya mana suturta Musulmi. Ana iya gamsar da masu bayarwa da rahoto da alƙaluma ba tare da an baje fuskar kowa ba.

Shugabanci ma ana koyon sa

Waya da kwamfuta ba su gyara kwamitin da mutum ɗaya ya tattare komai a hannunsa. Da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu suna rayuwa da wanda ya kafa su, suna kuma mutuwa da shi. Shugaba nagari yana koyon yadda ake raba aiki a rubuce, yadda ake kiran taro da ajanda a fita da matsaya, yadda ake tsara kasafin shekara, da yadda ake sauraron wanda ya saɓa masa ba tare da ya ɗauke shi abokin gaba ba. Shawara umarni ce a Alƙur'ani, har akwai sura guda mai wannan suna.

Yana kuma koyon yadda ake bayar da bahasi. A tsakaninmu, idan aka ce a kawo lissafi, sai wanda aka tambaya ya ga kamar an zarge shi da sata. Wannan fahimta ce ya kamata mu kawar. Lissafin da aka liƙa a allon masallaci duk wata kariya ce ga ma'aji kafin kowa, domin yana rufe bakin mai zato. Ƙungiyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta sani cewa dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta mata miƙa rahoton shekara. Shugaban da bai san wannan ba yana iya jefa ƙungiyarsa cikin matsala yana ganin alheri yake yi.

Mafi wuya a cikin darussan shi ne shirya magaji. Dattawa suna da yardar jama'a da sanin gidajen da ake kwana da yunwa ba a faɗa, matasa kuma suna da saurin hannu a kan na'ura. Idan aka haɗa kowane dattijo mai muƙami da matashi mataimaki, kowa zai koya daga ɗan'uwansa. Kada kuma a manta da mata, domin su ne ke shiga gidajen da maza ba sa shiga, su ne suka fi sanin halin da uwar marayu take ciki.

A ina za a koya, kuma da kuɗin wa?

Ƙofofin suna da yawa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin harkar banki da kuɗi ta Musulunci, ga mai son zurfafawa. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi ga wanda ba zai iya barin aikinsa ba. Akwai dandalin Kaya a intanet, mai darussan aikin agaji kyauta, wasu ma da Larabci, abin da zai sauƙaƙa wa ɗalibanmu na ilimin addini. Jihohi irin su Sakkwato da Kano da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi waɗanda ƙaramin kwamiti zai iya ziyarta ya ga yadda suke aiki. Mafi kusa kuwa, da wuya a rasa akanta ko malamin kwamfuta ko lauya a sahun kowane masallacin Juma'a. Sau da yawa ba a taɓa neman su ba ne.

Game da kuɗin horo, a yi hattara. Abin da mai bayarwa ya ce na abincin marayu ne, ba a karkatar da shi zuwa taron bita. Rabon ma'aikatan zakka kuma yana da sharuɗɗa, kuma malamai sun yi bayani a kan wanda ya cancance shi, don haka kada kwamiti ya yanka wa kansa ba tare da tambayar masana ba. Hanya mafi tsafta ita ce a buɗe wani asusu na musamman daga gudummawar mambobi, ko a nemi wani mai hali ya ɗauki nauyin horon yana sane. A gaya masa gaskiya: kuɗin da ya koya wa mutum uku riƙon lissafi yana iya tsare dukiyar marayu ta shekaru masu yawa.

A ƙungiyarmu, bayan abin da ya faru, wani matashi ɗan bautar ƙasa ya zauna da mu Asabar shida a jere bayan sallar Asuba. Ni da nake hawa mumbari na zauna a gabansa yana nuna mini inda zan danna, wani lokaci sai ya maimaita sau uku. Yanzu sunan baiwar Allah nan da na 'ya'yanta suna rubuce a wuri uku, kuma ko duk mu 'yan kwamitin mun kwanta dama, wanda ya biyo baya zai san ranar da kuɗin zangonsu ke cika.

Ina kira ga duk wanda ke riƙe da wani kwamiti, a zamansu na gaba su tambayi kansu tambaya ɗaya: idan Allah Ya karɓi ran ma'ajinmu a daren yau, gobe za mu iya ci gaba? Idan amsar a'a ce, to an san darasin farko da za a fara da shi.

Allah Ya jiƙan dattijonmu, Ya saka masa da alheri a kan gaskiyarsa. Mu kuma Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka, Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da bayinSa da abin da Ya sanar da mu.