BABI NA UKU: CIKA SHARUƊƊAN KWASA-KWASAI WAJEN ƘAURA DAGA KWALEJIN AL'UMMA ZUWA JAMI'O'I A JIHAR KALIFONIYA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda ɗalibin kwalejin al'umma a ƙasar Amurka yake cika sharuɗɗan kwasa-kwasai idan yana neman gurbi a jami'o'i fiye da ɗaya a lokaci guda. An zaɓi Jihar Kalifoniya ne domin ta daɗe da shimfiɗa ƙa'idoji a rubuce a kan wannan al'amari. Za a duba ire-iren sharuɗɗan, da inda jami'o'in suka haɗu, da inda suka rabu, sannan a kawo hanyar da ɗalibi zai bi don kada wahalarsa ta tashi a banza.

3.1 Ma'anar Kwalejin Al'umma da Tsarin Ƙaura

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare wadda ake yin karatun shekara biyu a cikinta, kuma kuɗinta bai kai na jami'a ba. Ana ɗaukar Kwalejin Joliet ta Jihar Ilinoyi, wadda aka kafa a shekarar 1901, a matsayin mafi daɗewa cikin irin waɗannan kwalejoji na gwamnati. Ɗalibi kan yi rabin farko na karatun digiri a kwalejin, sannan ya yi ƙaura, wato taransifa, zuwa jami'a ya shiga aji uku.

Wannan ya yi kama da shiga jami'a kai tsaye da masu takardar NCE ko difloma suke yi a Nijeriya ta hannun hukumar JAMB. Sai dai akwai bambanci. A Nijeriya takardar shaida da darajarta ake dubawa, amma a Amurka kowane kwas da ɗalibi ya yi sai an auna shi shi kaɗai kafin a karɓa.

A Kalifoniya, babban tsarin ilimi mai zurfi na shekarar 1960 ya kasa makarantun gwamnati gida uku. Akwai Jami'ar Kalifoniya, wadda ake taƙaita sunanta da UC, mai rassa tara da ke ba da digirin farko. Akwai Jami'ar Jihar Kalifoniya, wato CSU, mai rassa fiye da 20. Sannan akwai kwalejojin al'umma guda 116, waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga kowa.

3.2 Ire-iren Sharuɗɗa

Idan aka duba da kyau, za a ga sharuɗɗan sun kasu kashi uku.

Na farko shi ne sharaɗin cancanta. UC da CSU duka suna neman yunit 60 na tsarin simesta, wanda ya yi daidai da yunit 90 na tsarin kwata. UC tana buƙatar matsakaicin maki 2.4 daga ɗan jiha, 2.8 kuma daga wanda ba ɗan jiha ba, tare da kwasa-kwasai bakwai: biyu na rubutun Ingilishi, ɗaya na lissafi, huɗu kuma daga fannonin adabi da fasaha, da kimiyyar zamantakewa, da kimiyya zalla. CSU kuwa tana karɓar maki 2.0, amma ta dage a kan kwasa-kwasai huɗu: magana a gaban jama'a, da rubutu, da tunani mai zurfi, da lissafi. Ya kamata a lura cewa wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema. Rassa irin su Bakili da Los Anjalis, inda masu nema suka yi yawa, sukan ɗauki masu makin da ya zarce haka nesa.

Na biyu shi ne sharaɗin ilimin bai-ɗaya, wato kwasa-kwasan da kowane ɗalibi zai yi ko da wane fanni yake karantawa. Na uku kuma shi ne sharaɗin share fagen fanni, wato kwasa-kwasan da sashe ya ce sai an yi su kafin a shiga aji uku a wannan fanni.

3.3 Inda Jami'o'in Suka Haɗu

Hukumomi sun fi samun nasara wajen daidaita kashi na biyu. A shekarar 1991 aka fara aiki da wani jerin kwasa-kwasai mai suna IGETC, wanda UC da CSU suka amince da shi. Duk da haka jerin bai zama ɗaya sak ba, domin CSU ta ƙara kwas na magana a gaban jama'a, ita kuma UC ta ƙara sanin wani harshe ban da Ingilishi. Saboda haka mai neman ɓangarorin biyu sai ya yi duka. A shekarar 2021 majalisar jiha ta zartar da doka mai lamba AB 928, wadda ta umarci a samar da jeri guda. Sakamakon haka aka fito da Cal-GETC, mai kwasa-kwasai 11 da yunit 34, wanda ya fara aiki a kan sababbin ɗalibai a shekarar 2025.

Bugu da ƙari, dokar SB 1440 ta shekarar 2010 ta ƙirƙiro wata takardar shekara biyu ta musamman domin masu ƙaura. Wanda ya same ta yana da tabbacin gurbi a CSU, kuma idan fannin da ya shiga ya dace da abin da ya karanta, yunit 60 kawai za su rage masa. Amma tabbacin bai shafi wani reshe takamaimai ba, kuma bai ɗaure UC ba. Ita UC tana da nata shirin tabbacin gurbi mai suna TAG a rassa shida, ban da Bakili da Los Anjalis da San Diyego, kuma reshe ɗaya tak ake yarda ɗalibi ya nemi wannan tabbaci a cikinsa.

3.4 Inda Jami'o'in Suka Rabu

Matsalar da ta fi ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya tana cikin kashi na uku. Dalili kuwa shi ne malaman kowane sashe a kowane reshe su ne masu ikon cewa wane kwas ya yi daidai da nasu. A nan akwai bambanci tsakanin kwas da aka karɓa da kwas da aka daidaita. Ana iya ƙidaya wa ɗalibi yunit ɗin wani kwas a cikin 60 ɗin da ake nema, amma sashe ya ce bai maye gurbin kwas ɗinsa ba, sai an sake.

Alal misali, a ɗauki ɗalibar da ke son karanta ilimin halittu, ta kuma nufi rassa uku. Reshe na farko yana iya karɓar kwas ɗin fiziks mai sauƙin lissafi, na biyu ya ce sai wanda aka gina a kan kalkulas, na uku kuma ya fi damuwa da a kammala jerin kemistiri. Idan ta bi sharaɗin reshe na farko kaɗai, to ta rufe wa kanta ƙofar na biyu ba tare da ta sani ba. Har ila yau, Bakili da Masid suna bin tsarin simesta, sauran rassan UC masu digirin farko kuma suna bin tsarin kwata. Don haka jerin da aka raba biyu a wata makaranta an raba shi uku a wata, kuma wanda ya yi rabin jeri ya tsaya yana iya rasa daidaito gaba ɗaya. Haka nan wasu tsangayoyin injiniya, kamar ta Bakili, ba su karɓi IGETC a madadin nasu sharaɗin ba.

Asarar da ke tattare da wannan ba ƙarama ba ce. Wani rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka na shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na yunit ɗinsu. Kowane kwas da aka maimaita kuɗi ne da lokaci, ga shi kuma tallafin karatu na gwamnati yana da iyaka.

3.5 Hanyar Tsara Kwasa-kwasai

Abu na farko shi ne ɗalibi ya tsai da fanni tun a shekarar farko, domin sauya reshe ya fi sauya fanni sauƙi. Daga nan sai ya duba rumbun ASSIST da ke intanet, wanda shi ne ma'ajiyar hukuma ta yarjejeniyoyin daidaita kwasa-kwasai tsakanin kowace kwaleji da kowane reshe. Sai ya jera sharuɗɗan rassan da yake so gefe da gefe, ya fara da kwasa-kwasan da duka suka nema. Tun shekarar 2015 UC ta sauƙaƙa wannan aiki da ta fitar da jerin share fage na bai-ɗaya ga manyan fannoni.

Inda sharuɗɗa suka saɓa, abin da ya fi shi ne a ɗauki mafi tsauri, domin sau da yawa kwas mai zurfi yakan biya buƙatar reshe mai sassauci, amma mai sauƙi ba ya biyan buƙatar mai tsauri. Ya kamata kuma a fara lissafi da Ingilishi da wuri, saboda kwasa-kwasan kimiyya a kansu suke hawa, sannan a kammala kowane jeri a kwaleji ɗaya. Tun da yake ana cike takardun nema a watannin Oktoba da Nuwamba, kusan shekara guda kafin shiga, wanda ya jinkirta manyan kwasa-kwasai zai nemi gurbi alhali sakamakonsu bai fito ba. A ƙarshe, UC ba ta ƙidaya fiye da yunit 70 na simesta daga kwasa-kwasan ƙananan azuzuwa, don haka tara kwasa-kwasai barkatai domin a gamsar da kowa ba dabara ba ce. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Idan sharuɗɗan wani reshe suka yi nisa da na saura, gara a cire shi daga lissafi.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa dokokin jiha sun daidaita sharaɗin ilimin bai-ɗaya, amma share fagen fanni yana nan a hannun sassa. Saboda haka ɗalibin da ke neman jami'o'i da yawa zai fi tsira idan ya gina jadawalinsa a kan buƙatun fanni tukuna, sannan ya cike sauran guraben da kwasa-kwasan bai-ɗaya. A babi na gaba za a duba rawar da masu ba ɗalibai shawara suke takawa a cikin wannan tsari.