Rugar da Ta Faɗa Tsakanin Taswira Biyu

Ƙaramar hukumar Ajingi tana da mazaɓu 10, irin su Balare, Chula, Gafasa, Kunkurawa da Toranke. Tana iyaka da Gaya, tana kuma iyaka da Jigawa, jihar da aka yanka daga Kano a 1991. Duk ɗan yankin ya san wannan da ka. Kwamfuta kuwa ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata, wato jerin lambobi masu nuna inda layi ya bi. Don haka darajar tsarin taswirar kwamfuta da ake kira GIS ba a kyan zane take ba. Tana wajen iya faɗin yadda wannan fili yake da wancan: ko sun haɗa iyaka, ko ɗaya ya hau ɗaya, ko akwai wani wuri tsakaninsu da ba wanda ya ce nasa ne.

Tun 1991 masana irin su Max Egenhofer na Amurka suka tsara lissafin wannan al'amari, aka gano cewa dunƙulallun filaye biyu ba su wuce hali takwas. Ko dai suna rabe, ko sun taɓa juna a baki kawai kamar Gaya da Ajingi, ko sun shiga juna, ko su zama abu guda. Sauran huɗun na filin da ke cikin ɗan'uwansa ne, ko a tsakiya ko ya kai har gefe, yadda Ajingi take cikin Kano amma ta dangana da bakin jihar. Wannan zai yi kama da zancen 'yan boko, sai an dubi abin da ke faruwa idan ofis biyu suka zana iyaka ɗaya, kowa da nasa hannun. Layukan ba za su taɓa dacewa ba. A wani wuri su hau juna, a ƙirga ƙauye ɗaya sau biyu. A wani wurin su bar rata, kuma a cikin ratar nan akwai gidaje da rijiya da yara.

Yaƙin shan'inna ya nuna haka a fili. Shekaru da dama masu rigakafi suna yawo da taswirar da aka zana da biro, kowace tawaga ta tsaya inda take ganin nan ne ƙarshen mazaɓarta, a tsallake rugar Fulani ko 'yar unguwar da ke bakin iyaka, kowa na zaton ta maƙwabcinsa ce. Daga wajajen 2012 aka shiga zana matsugunan Arewa daga hoton tauraron ɗan'adam, ana ba ma'aikata waya mai nuna inda suka taka. Yaro na ƙarshe da nau'in cutar na daji ya kama a Kano an same shi a Sumaila cikin Yulin 2014, a Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, sarakuna da malamai sun yi rawar gani. Amma ita ta tona inda ake tsallakewa.

Wani zai ce ai mai unguwa ya san iyakar ƙasarsa fiye da kowace na'ura: ga tsamiyar can, ga layin gamba, ga kwarin da ya raba. Gaskiya ne, shi ya sa taswirar da aka zana a ofis ba da shi ba takarda ce kawai. Sai dai ɓangarensa ya sani, na wancan gefen ma yana da tasa tsamiyar, kuma sanin da ke ka yakan bi mai shi kabari. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne kwamfuta tana son layi tsararre, alhali ƙasarmu ba haka take ba. Fadamar da ake noman rani a kai ita ce mashayar dabbobi, burtali kuma yana ratsa gonaki ya tsallaka mazaɓa bai tambayi kowa ba. Wanda ya tilasta layi ɗaya a irin wannan wuri ya kunna rikici. To amma tsarin da kansa ya yarda fili biyu su shiga juna. Ana iya zana burtali a matsayin fili mai zaman kansa, a rubuta gonakin da ya ratsa, ta yadda ranar da wani ya cinye shi da garma za a gani. Haka ruwan Tiga da Challawa da ke bi ta Wudil ya gangara Ringim: bai san mazaɓa ba, sai an ɗora taswirar ambaliya kan ta ƙauyuka za a san wa za a fara yi wa gargaɗi.

Kira ga shugabannin Ajingi da Gaya, da hukumar KANGIS mai kula da filaye: iyakar da ta haɗa ƙasa biyu a zana ta sau ɗaya, a gaban dagatan ɓangarorin biyu da arɗon rugar da ke wurin, a kuma ajiye kwafi a hannun hakimi.