Gidan Gado ko Ƙungiyar Al'adu: Ina Ya Kamata a Koyi Rawa?

Yaron da ke son koyon rawar gargajiya a ƙasar Kabi hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya bi gidan makaɗa, irin gidajen da kiɗa ya zame musu gado a Argungu da ƙauyukan bakin gulbi, ko kuma ya shiga ƙungiyar al'adu, irin waɗanda ake kafawa a makarantu da ma'aikatun gwamnati a Birnin Kebbi. Kowace hanya ta fitar da gwanaye, amma abin da suke koyarwa ba iri ɗaya ba ne, kuma ya kamata iyaye su san bambancin kafin su miƙa ɗansu.

A gidan gado ba a fara wa yaro da ƙafa. Kunne ake fara gyara masa. Zai daɗe yana ɗaukar ganga, yana shanya fata, yana bin ubangidansa gidan biki da gonar gayya da filin kokawa, kafin a bar shi ya shiga fage. A wannan bin ne yake gane cewa kowane kiɗa da mai shi. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, shi ne kuma na 'yan mata a dandali. Gangar noma ta manoma ce. Kotso da taushi na fada ne, ba a kaɗa su don kowa. Yana koyon taken kowane gwani har ya san wa ganga take kira tun maroƙi bai buɗe baki ba. Wanda ya taso haka, in makaɗi ya juya hannu, jikinsa ya riga ya juya. Ta wannan hanya Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji mahaifinsa Aliyu Ɗandawo, ta nan kuma Musa Ɗanƙwairo ya fito a Maradun.

Sai dai ƙofar gidan gado ƙunci gare ta. Wanda ba ɗan gida ba sai ya yi barantaka mai tsawo, kuma babu ranar da za a ce ya sauke. Lokacin koyo shi ne lokacin biki, biki kuwa bai san ranar jarrabawa ba, don haka karatun boko da na allo kan sha wuya. Ga kuma kallon da jama'a ke yi wa roƙo, wanda ke sa iyaye da yawa ja da baya. 'Ya mace wadda ba a gidan aka haife ta ba, da wuya ta sami wurin zama a nan.

Ƙungiyar al'adu ta buɗe wannan ƙofa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ya tara ma'aikata da ɗalibai daga Zuru da Yawuri da Gwandu da Argungu, kowa da rawar garinsu. A ƙungiya ɗan malami da ɗan masunci sahu ɗaya suke tsayawa. Akwai ranar gwaji, akwai lokacin tashi, yaro na iya zuwa bayan an taso daga makaranta. Ana koya masa shiga fage da fita, da daidaita taku da mutum goma, da gama wasa cikin 'yan mintocin da aka ba shi. Wannan horo ne ake buƙata a bikin al'adu na ƙasa da Nijeriya ke yi tun 1970. Kada kuma a ce ƙungiya ba ta haifar da sabon abu: rawar Koroso, wadda yau ake ɗauka kamar ta kaka da kakanni, a hannun masu shirya wasannin al'adu na Kano ta samu siffarta a shekarun 1970.

Raunin ƙungiya shi ne takan raba rawa da dalilinta. Yaro zai iya rawar noma bai taɓa riƙe garma ba, ya yi ta masunta bai san nauyin homa a ruwa ba. Abin ya fi muni inda aka sallami makaɗi aka kunna kiɗa a waya da lasifika. Na'ura ba ta ganin mai rawa, ba ta zuga shi in ya yi kyau, ba ta jiransa in ya makara. Abin da yaro zai samu a nan hadda ce, kuma ranar da ya haɗu da makaɗi na gaske zai rasa inda zai sa ƙafa.

Mutanen Andalus a ƙasar Sifen sun daɗe da wannan muhawara game da rawarsu ta filamenko. A garuruwa irin su Heres da Sabiliya, iyalai ne suka riƙe ta a gidajen biki, daga baya makarantu suka yawaita har baƙi ke zuwa daga Japan don koyo. Duk da haka, makarantar da ake girmamawa a can ita ce wadda ke zaunar da mawaƙi da mai kaɗa jita a ɗakin koyo. Hukumar UNESCO ta sa filamenko cikin gadon al'adun duniya a 2010, ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Bikin nan, da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bai tsaya ga faɗawa ruwan Matan Fada ba. Da kiɗa ake raka masunta, da kiɗa ake kokawa da dambe da wasannin Kabanci. Shekarun da bikin ya yi a kwance kafin a farfaɗo da shi a 2020 shekaru ne da yara da dama suka tashi ba su ji waɗannan take a inda ake kaɗa su ba.

A ganina, tushe yana gidan gado, amma yawancin yaran yau ta ƙungiya za su shigo, kuma babu laifi a haka. Abin da ya rage shi ne uba ya je ya gani da idonsa kafin ya amince. Ya duba ko akwai makaɗi zaune a wurin gwaji. Ya tambayi malamin a hannun wa ya koya, da kuma rawar wace sana'a yake koyarwa. Ya ga yadda ake tsare mutuncin yara mata, da ko ana tashi in lokacin salla ya yi. Ƙungiyoyin Birnin Kebbi kuwa, tsakaninsu da Argungu tafiyar kamar sa'a guda ce a mota. Su ɗauko tsofaffin makaɗa su zaunar da su a matsayin malamai, su biya su haƙƙinsu kamar kowane malami, tun waɗannan dattawa suna da ƙarfin riƙe makaɗi.