Bel da sarƙa: mu kula da su, mu tsare dukiya da lafiya

Ƴan uwa manoma, maza da mata, injin niƙa ya shiga garuruwanmu ya rage wa mata wahalar daka. Keke da babur kuma sun rage mana nisan kasuwa da likita. Duk waɗannan na'urori suna da abu guda da ya haɗa su: ƙarfi yana tashi daga wuri ɗaya, ana kai shi wani wuri. Abin da ke kai shi kuwa shi ne bel ko sarƙa. In mun san halinsu, za mu tsare kuɗinmu da hannuwanmu.

Yadda suke aiki

Bel igiya ce ta roba mai zare a ciki. Yana zagaye faifan ƙarfe biyu da makanikai ke kira fuli, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin maniƙa. Kamun da robar ke yi wa ƙarfe shi ke juya maniƙa. Sarƙa kuwa haƙoran ƙarfe take kamawa, shi ya sa ba ta zamewa.

Girman faifan shi ke yanke sauri. In fulin inji yana da faɗin santimita 10, na maniƙa yana da 20, sai inji ya juya sau 2 kafin maniƙa ta juya sau 1. Sauri ya ragu, amma ƙarfin juyi ya ƙaru. A keke, in faifan gaba yana da haƙora 44, na baya yana da 22, taku ɗaya cikakke yana juya ƙafar baya sau 2. Saboda haka kada mu sauya fuli da wanda girmansa ya bambanta ba tare da shawarar bakanike ba.

Kula da bel

Bel ba ya son sakaci, ba ya son matsi. In ya yi sako-sako, sai ya riƙa zamewa yana kuka, yana warin ƙonanniyar roba. Gazuwal na ƙonewa, gari ba ya fita. In an ɗaure shi tamau, sai ya ci boris, gyara ya yi tsada. Ga yadda za mu gwada: mu kashe inji, mu danna tsakiyar bel da babban yatsa. In tazarar fuli biyu mita 1 ce, ya kamata ya lotsa kamar santimita 1 da rabi. Sabon bel yana miƙewa, don haka mu sake gwada shi bayan kwana 1 ko 2 na aiki.

Mu miƙa zare a gefen fuli biyu mu gani ko suna kan layi ɗaya. In sun karkace, bel zai cinye ta gefe guda. Kada mu cusa bel da ƙarfe. Mu sassauta noti, mu matso da inji, sannan mu sa shi. In bel biyu ko uku ke aiki tare, mu sauya su gaba ɗaya, domin sabo shi kaɗai zai ɗauki kaya. Mai kuwa abokin gabar bel ne, yana sa shi santsi, yana ɓata robar.

Kula da sarƙa

Abin da bel ya ƙi, shi sarƙa ke so. Sarƙa ba ta rayuwa sai da mai. Amma a ƙasarmu ta rairayi, musamman lokacin hunturu, ƙura tana haɗuwa da mai ta riƙa cin ƙarfe. Mu wanke sarƙa da kananzir, mu bari ta bushe, mu ɗiga mata mai kaɗan, mu goge saura. Sarƙar yawancin babura tana son sassauci na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. In haƙora sun yi tsini, mu sauya su tare da sarƙa, don tsofaffin haƙora suna saurin kashe sabuwar sarƙa.

Lafiya uwar jiki

Injin da ke juyawa sau 1500 a minti yana juyawa sau 25 a daƙiƙa guda. Wurin da bel ke shiga fuli ba ya bambanta zane da yatsa. In ya kama bakin mayafi ko hannun riga, kafin mutum ya yi ihu ya ja shi. Haka sarƙar babur da ƙafarsa ta baya ke kama zanen mace ko babbar riga.

Saboda haka mai inji ya rufe bel da murfin ƙarfe ko raga. Ya sa riga mai ɗame jiki. Kada ya taɓa bel sai inji ya tsaya cik. Mata su tattara mayafi, su tsaya nesa. Iyaye su gargaɗi yaran da suke aika niƙa. Mai hawa bayan babur ya naɗe tufafinsa.

In tsautsayi ya auku, a kashe inji tukuna. A danne rauni da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a garzaya likita. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai a kan rauni. A tambayi ma'aikacin lafiya allurar rigakafin tetanos.

Ƴan uwa, bel in ya tsinke ana sayen wani a kasuwa, amma ba a sayar da yatsa. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa mai injin garinsu. Rigakafi ya fi magani.